Ƙunzugu da ƙyalle ba shi ke kawo cuta ba

An daɗe ana faɗa wa 'yan mata cewa ƙunzugu da ƙyalle ƙazanta ne, wai audugar mata da ake saya ita kaɗai ce tsafta. Wannan magana ta cuci 'ya'yan talakawa ƙwarai, kuma tana ci mini rai. Yarinya ta samu auduga biyu da ƙyar, sai ta ɗaura ɗaya tun safe har dare don kada ta ƙare, alhali ana so a canza duk bayan awa 4 zuwa 6. Jini da gumi su taru, ƙaiƙayi da saɓar fata su biyo baya.

Ƙyallen auduga mai laushi ba shi da laifi. Hukumar UNICEF, mai kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta lissafa shi cikin kayan da za a iya amfani da su lokacin al'ada, a jagorar da ta fitar a 2019. Matsalar tana wajen wanki da shanya. Saboda kunya, yarinya takan wanke shi a gurguje, ta cusa ƙarƙashin katifa da danshinsa, a nan ƙwayoyin cuta da fumfuna ke hayayyafa.

A fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana sa jini ya kama zare. A wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙarau. In tana jin nauyin idon mutane, ta yafa siririn mayafi a kai. Kuma kada ta ari na wata, ko da yayarta ce.