Daɓe da ɗumama kejin ƙadangare mai gemu

Ƙadangare mai gemu dabba ce mai jan ciki ta ƙasar Ostareliya, wadda ake kiwonta a gida don sha'awa, musamman a Amurka da ƙasashen Turai. Da yake jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi kamar na tsuntsu ko akuya, lafiyarsa a hannun mai kiwo ta dogara ne a kan irin zafin da aka tanadar masa da irin daɓen da yake kwanciya a kai, kuma waɗannan biyun a haɗe suke, domin daɓen ne ke karɓar zafin fitila ya riƙe shi.

Asali da tarihin kiwo

Wanda aka fi kiwo shi ne nau'in da masana ke kira Pogona vitticeps, wanda masanin dabbobi Bajamushe Ernst Ahl ya fara bayyanawa a rubuce a 1926. A wancan lokacin an sanya shi cikin wani rukuni dabam, sai a 1982 masani ɗan Ostareliya Glen Storr ya ware rukunin Pogona, sunan da aka ɗauko daga kalmar Girkanci mai nufin gemu. Gemun nasa fata ce mai ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa, wadda yake kumburawa ta yi baƙi idan ya fusata ko yana neman ta mace. Danginsu ɗaya da jangwadan da ke gyaɗa kai a kan katangun ƙasar Hausa, kuma shi ma yana da wannan ɗabi'a ta gyaɗa kai. Babba yakan kai tsawon santimita 60, fiye da rabi wutsiya ce, kuma idan ya samu kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 15.

Mazauninsa na asali shi ne tsakiya da gabashin cikin Ostareliya, ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, mai jar ƙasa da tsakuwa da gajerun itatuwa, inda ake yawan ganinsa a kan kututture ko shingen gona yana shan hantsi. Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta tun wajajen shekarun 1960, saboda haka ana kyautata zaton waɗanda ke hannun masu kiwo a ƙasashen waje jikokin waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu ne tsakanin shekarun 1970 da farkon 1990. Daga shekarun 1990 ne kiwonsa ya bazu a Amurka. A farkon lamarin kantunan dabbobi sun yi ta sayar da yashin kalsiyam da niƙaƙƙen ɓawon goron Turawa a matsayin shimfiɗa, da kuma wani dutsen roba mai lantarki a ciki don ɗumama. Likitocin dabbobi sun yi ta karɓar ƙadangaru masu toshewar hanji da masu ƙuna a ciki, kuma wannan ne ya tura masu kiwo da yawa zuwa ga tayil da fitilar sama.

Zafi

Ana shirya keji ne ta yadda gefe ɗaya zai yi zafi, ɗayan kuma ya yi sanyi, domin dabbar ta riƙa kai da komowa tana daidaita jikinta da kanta. Abin da aka fi bayar da shawara a kai shi ne wurin shan hantsi ya kai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi kuma ya tsaya tsakanin 22 da 26. Wannan bambanci ba ya samuwa a ƙaramin wuri, shi ya sa ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a Birtaniya ta ce kejin babba kada ya gaza santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsayi.

Zafin daga sama ya kamata ya sauko, kamar yadda rana ke yi. Da safe ƙadangaren yakan hau wurin da hasken ya fi ƙarfi, ya baje haƙarƙarinsa ya yi faɗi kamar faifai, fatar bayansa ta yi duhu don ta sha zafi da sauri. Idan jikin ya ɗauka sai launin ya washe, wani lokaci ya wangale baki ya bar shi a buɗe na ɗan lokaci, wanda sabon mai kiwo kan ɗauka ciwo ne, alhali rage zafi yake yi. A tsakiyar kansa akwai wani ɗan ɗigo mai jin haske da inuwar abin da ya gifta ta sama. Duk halittarsa ta fuskanci sama ce, kuma ba ya saurin gane zafin da ya taso masa daga ƙasa, shi ya sa yakan kwanta a kan dutsen lantarki har cikinsa ya ƙone bai motsa ba.

Fitilar halojin mai baza haske ita aka fi amfani da ita da rana, a haɗa ta da na'urar daidaita zafi wadda ke rage ƙarfin wutar idan wurin ya wuce ƙima. Ana kunna fitilar kimanin awa 12 a kashe. Da dare ba a buƙatar komai sai idan ɗakin ya sauka ƙasa da wajen digiri 15 zuwa 18, a nan ne ake sa ƙwan tangaran da ke ba da zafi babu haske. Jar fitilar dare da aka daɗe ana sayarwa tana hana shi barci. Ma'aunin zafi mai allura da ake mannawa a bango iskar wurin kawai yake aunawa, kuma ba kasafai yake faɗin daidai ba. Zafin saman tayil ana gwada shi ne da ma'aunin da ake haskawa daga nesa.

Haske

Ban da zafi, yana buƙatar sashen hasken rana da ake kira UVB, wanda da shi fata ke haɗa bitamin D3, shi kuma ya ba jiki damar shan kalsiyam. Idan babu shi ƙashi yakan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, don haka ajiye keji kusa da taga ba ya wadatarwa, yana ma iya mayar da shi murhu. A 2010 Gary Ferguson da abokan aikinsa a Amurka sun raba dabbobi masu jan ciki gida huɗu bisa yawan ranar da suke sha, kuma daga baya aka sanya ƙadangare mai gemu a gida na uku, wato cikin masu yawan shan rana. Doguwar fitilar da ke ba da hasken UVB ƙarfinta yana raguwa tun tana ci, saboda haka ana sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta.

Daɓen tayil

Tayil ɗin da ake so shi ne mai kaushi, ko na gasasshen yumɓu marar sheƙi ko na dutsen sileti. Mai santsi yana sa ƙafafun dabbar su riƙa zamewa, ta kasa samun mariƙa, kuma a kan lokaci hakan yana wahalar da gaɓoɓinta, musamman ƙanana masu tasowa. Mai kaushi kuwa yana goge faratan a hankali yayin tafiya. Baƙin sileti ya fi farin tayil shan zafi da riƙe shi, har bayan an kashe fitila yakan daɗe da ɗumi kamar dutsen da rana ta daka, amma saboda wannan dalilin ne ya kan zarce ƙima idan fitilar ta yi kusa.

Yawanci ana yanka tayil ne daidai da faɗin kejin a jera shi haka nan, ba siminti ba gam, domin a iya ɗaga kowane ɗaya a wanke. Wasu sukan shimfiɗa takarda a ƙarƙashi saboda abin da ke zirarewa ta tsakanin tayil, tun da kyankyasai da gyare da ake ciyar da shi ma sukan ɓuya a nan. A kejin gilashi nauyin sileti mai kauri abin lura ne. Shimfiɗar roba mai gam a baya ba a sonta kusa da fitila, saboda warin da take fitarwa idan ta yi zafi.

Tayil ba ya tonuwa, kuma ta mace tana yin ƙwai ko da ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Idan ba ta samu inda za ta haƙa ba takan riƙe ƙwan a ciki har ya zame mata ciwo, don haka masu amfani da tayil sukan ajiye akwati mai cakuɗen ƙasa da yashi mai ɗan danshi a gefe.

Saɓani

Masu kiwo sun rabu a kan ko tayil ya fi ƙasa. Wasu na ganin haɗarin haɗiye yashi ya isa dalilin zaɓen tayil. Wasu kuma na cewa toshewar hanji daga ƙarancin zafi da ƙishirwa take tasowa, kuma hana dabbar tono tauye mata ɗabi'a ne. Ga jarirai da marasa lafiya, ɓangarorin biyu sun fi karkata ga takarda ko tayil.

Tsafta

Kashinsa yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sha danganta ɓarkewar cutar da kiwonsa, ciki har da ta 2014. Ana kwashe kashin kullum, ana wanke tayil nesa da wurin girki, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.