Azumin lokaci-lokaci

Azumin lokaci-lokaci tsarin cin abinci ne da ke ƙayyade lokacin da mutum zai ci da lokacin da zai kame baki, don neman lafiya. Wanda aka fi sani shi ne a kame awa 16, a ci cikin awa 8 da suka rage. Akwai kuma na kwana biyu a mako, inda ake tsayawa kan kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 500 zuwa 600 a rana, wanda Michael Mosley ya yayata a wani shirin BBC a 2012. Mutumin Yamai ko Tawa da ya saba da azumin Litinin da Alhamis ba zai ga baƙon abu ba, sai dai wannan ba ibada ba ne, kuma ana shan ruwa da shayi marar suga.

Hanta tana ajiye suga don lokacin buƙata. Idan aka yi kamar awa 12 ko fiye ba ci, ajiyar ta fara ƙarewa, insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ya sauka, jiki ya koma ƙona kitse. Daga nan ake samun raguwar ƙiba, wasu kuma sugan jininsu da hawan jini su yi sauƙi. Amma a 2022 an buga binciken da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin kan mutum 139 na tsawon shekara guda: waɗanda suka rage abinci kuma suka ƙayyade lokaci ba su fi waɗanda suka rage abinci kawai samun wani bambancin kirki ba. Wato yawan abin da ya shiga ciki shi ne babba. Wanda ya wuni da yunwa, da magariba ya haɗa ƙosai da kunu mai suga da lemun kwalba, ya maida abin da ya fitar.

Maganar da ake yi cewa irin wannan azumi yana jinkirta tsufa daga binciken dabbobi ta samo asali. A 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi tsawon rai. A 2016 Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel kan yadda ƙwayoyin halitta ke narkar da sassansu da suka lalace su sake amfani da su, aikin da yunwa ke zaburarwa. Ya yi binciken ne kan yis, kuma har yanzu ba a tabbatar da ƙarin shekaru ga ɗan Adam ba.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin sauke suga kada ya fara sai ya ga likita, don sugan na iya faɗuwa har ya suma. Mai ciki, mai shayarwa da yara ba nasu ba ne. A zafin Afrilu da Mayu kuwa, da ke wuce digiri 40 a Tawa, ruwa ba abin ragewa ba ne.