Waiwaye: Shekarun da aka kwashe ana farautar ɓacewar J/psi

A Nuwamban 1974, tawagar Samuel Ting a Brookhaven da ta Burton Richter a SLAC, dukansu cibiyoyin binciken kimiyya a Amurka, suka gano ƙwaya guda, kowa ta hanyarsa. Shi ya sa ta tashi da suna biyu, J/psi. A cikinta akwai kwak mai nauyi da ake kira cam, ɗaure da kishiyarsa, wato takwaransa mai akasin caji. Kwak su ne ƙananan ƙwayoyin da suka gina furotan da nutiran na cikin cibiyar zarra.

A 1986 Tetsuo Matsui da Helmut Satz suka fito da wata dabara da har yau take burge ni. Idan aka gwara cibiyoyin zarra masu nauyi har zafi ya doshi digiri tiriliyan biyu, furotan da nutiran za su narke, kwak da guluwan (ƙwayoyin da ke ɗaure kwak da juna) su shiga yawo sakaka, yanayin da ake kira filasmar kwak da guluwan. A wannan cunkoso cam da kishiyarsa ba za su ji juna ba, kamar mutum biyu masu kiran juna a tsakiyar taro mai hayaniya, sai su rabu. Ke nan in J/psi ta yi ƙaranci, wannan filasma ta samu.

Gwajin NA50 a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, inda aka gwara dalma da dalma, ya ga ƙarancin, kuma a Fabrairun 2000 cibiyar ta sanar da alamun sabon yanayin halitta. Sai dai gardama ba ta kwanta ba, domin ko furotan ɗaya ya bugi cibiyar zarra, ba wani zafi, J/psi takan ragu.

RHIC, na'urar gwara cibiyoyin zarra da ke Brookhaven, ta ƙara dagula lissafi. Ƙarfin karonta ya ninka na baya fiye da sau goma, amma raguwar kusan iri ɗaya ce. Ashe tun a 2000 Peter Braun-Munzinger da Johanna Stachel sun hango dalili: idan cam ya yawaita, waɗanda ba a haifa tare ba sukan haɗu yayin da filasmar ke hucewa, su ƙulla sabuwar J/psi. Da LHC, babbar na'urar karo ta CERN, ta fara gwara dalma a 2010, tawagar gwajin ALICE da ke can ta tarar raguwar ba ta kai ta RHIC ba, duk da zafin ya fi.

Upsilon, wata ƙwaya irin J/psi amma mai wani kwak da ake kira botom, ta fi ba da amsa a fili, don botom bai cika yawa ba balle a yi ta sake haɗuwa. Tawagar CMS, wani gwajin na LHC, ta ga cewa nau'o'in Upsilon masu sakwarkwataccen ɗauri su suka fi ɓacewa, mai ɗauri tamau kuwa ta fi jurewa. Aikin da ke gaban masana yanzu shi ne rarrabe nawa ne ke rabuwa saboda cunkoson ya raunana ɗaurin, nawa kuma bugun guluwan ne ke tsinka su.