Ma'anar Hanyar Monte Carlo a Ilimin Ƙididdiga

Monte Carlo unguwa ce a Monako, ƙaramar masarautar nan da ke bakin Tekun Bahar Rum kusa da birnin Nice na Faransa. An raɗa mata wannan suna a shekarar 1866 domin girmama Yarima Charles na Uku, kuma ma'anarsa da Italiyanci ita ce Dutsen Charles. Abin da ya fito da ita duniya shi ne gidan cacar da attajiran Turai ke tururuwa zuwa cikinsa, alhali doka ta hana 'yan ƙasar kansu yin caca a wurin.

A wajen masana lissafi kuwa, hanyar Monte Carlo dabara ce ta samo amsar tambayar da ta gagari lissafi kai tsaye, ta hanyar maimaita gwaji na kan-mai-uwa-da-wabi sau da yawa sannan a ƙirga sakamakon. Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Poland da ke aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, shi ya faɗo a kanta a 1946 yana jinya. Yana ɗebe kewa da wasan kartar da mutum ke yi shi kaɗai, sai ya so sanin sau nawa ake cin wasan. Da lissafin ya cukurkuɗe masa, sai ya ga ai gara a raba kartar sau ɗari a ƙirga nasarorin. Shi da wani masanin lissafi, John von Neumann, suka ɗora dabarar a kan nazarin yadda ƙwayoyin niyutron, wato wasu ƙananan sassan ƙwayar zarra, ke yawo a cikin makamashin nukiliya, suka gwada ta a kwamfutar ENIAC. Abokin aikinsu Nicholas Metropolis ne ya laƙaba mata sunan, saboda wani baffan Ulam da ya saba cin bashin dangi domin zuwa caca a Monte Carlo. A 1949 Metropolis da Ulam suka buga bayaninta.

Misalin da ya fi sauƙi shi ne a zana da'ira a cikin murabba'i ta yadda za ta taɓa gefunansa huɗu, sannan a watsa gero a kai ba tare da an nufi ko'ina ba. Idan aka raba adadin ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'irar da adadin duk waɗanda ke cikin murabba'in, za a samu kusan 0.785, wanda idan aka ninka shi sau huɗu zai ba da kusan 3.14, wato lambar pi, wadda ake samu idan aka raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta. Sai dai dabarar tana da nawa, domin kafin a rage kuskure ninki goma sai an ƙara yawan gwajin ninki ɗari, shi ya sa ba ta yi tashe ba sai da kwamfuta ta zo.

A ganina sunan ya dace fiye da yadda labarin baffan ya nuna, domin gidan cacar kansa da wannan ƙa'ida yake rayuwa. A rulet, wato cacar da ake juya faifai a jefa ƙwallo a kansa, faifan irin na Turai yana da gurabe 37 masu lamba, amma wanda ya ci lamba ɗaya ninki 35 kawai ake biyansa a kan abin da ya zuba. Babu wanda ya san inda ƙwallon zai tsaya a juyi guda, amma a juyi dubbai gidan ya san zai riƙe kusan kashi 2.7 cikin ɗari na kuɗin da aka zuba.