Waiwaye: Abin da Masana Suka Gano Game da Tafiyar da Birnin Legas

Duk lokacin da gwamnatin Jihar Legas ta sanar da rushe wata unguwa, ko tayar da kasuwa, ko hana acaba bin wasu hanyoyi, hujjar da ake kawowa kusan ɗaya ce: tsabta, tsaro da tsarin gari. Hausawan Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 sun saba jin waɗannan kalamai, domin sau da yawa a kansu hukuncin yake faɗawa. Hujjar kuwa ta girmi jihar kanta, kuma masana sun shafe fiye da shekara 60 suna bin diddiginta.

Turawan Ingila sun karɓe Legas a 1861, kuma tun daga farko ba a raba ayyukan raya gari daidai wa daida ba. Masanin tarihi Ayodeji Olukoju, wanda ya yi nazarin ruwa, lantarki da sufurin birnin daga 1861 zuwa 2000, ya nuna cewa unguwannin Turawa irin su Ikoyi ne suka fi cin moriyar ayyukan. An buɗe madatsar ruwa ta Iju a 1915, bayan mutanen gari sun yi bore kan harajin ruwan da aka ɗora musu, domin a ganinsu su za su biya kuɗin abin da wasu za su fi amfana da shi. Da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1924, sai aka kafa hukumar raya Legas ta LEDB a 1928, aka ba ta ikon rushe gidajen da ta ga suna da cunkoso. Daga nan ne kiwon lafiya da rusau suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a tunanin mahukuntan birnin.

Binciken da ya kamata duk mai son fahimtar wannan batu ya fara da shi shi ne na Peter Marris, wani masanin zamantakewa ɗan Ingila. Daga 1955 hukumar LEDB ta soma rushe tsakiyar Tsibirin Legas, ana son gyara fuskar babban birni kafin samun 'yanci, aka kwashe mazauna zuwa sababbin gidaje a Surulere. Marris ya bi waɗannan iyalai ya tattauna da su, ya wallafa sakamakon a 1961. Gidajen Surulere sun fi na da kyau, babu musu. Amma 'yar kasuwar da take sayar da kaya a ƙofar gidanta ta rasa masu saye, mai sana'a ya koma kashe kuɗin mota kullum kafin ya isa wurin nema, dangin da suke zaune gida ɗaya suna tallafa wa juna kuma suka warwatse. Abin da ya gano shi ne, ga talaka mazauni da wurin neman abinci abu ɗaya ne, wanda ya raba shi da ɗaya ya raba shi da duka biyun. A ganina har yau ba a yi wani bincike da ya rushe wannan magana ba, kuma har yau ba a ga alamar an yi aiki da ita sosai ba.

An ƙirƙiri Jihar Legas a 1967, shekara guda kafin Farfesa Akin Mabogunje ya fitar da babban nazarinsa kan bunƙasar birane a Nijeriya. Kuɗin man fetur ya kawo gadoji da manyan tituna, amma jama'a sun fi ayyukan saurin ƙaruwa. Gwamnatin Murtala Muhammed ta yanke shawarar mayar da babban birni Abuja a 1976, aka kammala ƙaura a Disamban 1991. Jirgin ƙasa na cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. A 1990, shekarar da aka kammala gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, gwamnatin Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, aka raba kimanin mutum 300,000 da muhallinsu. Filin yau yana cikin wuraren da suka fi tsada a ƙasar nan.

A wannan yanayi na lalacewar ayyukan gwamnati ne wata muhawara ta taso a jami'o'in waje. Rem Koolhaas, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Holan, ya zo da ɗaliban Jami'ar Harvard a ƙarshen shekarun 1990, ya dubi cunkoson Oshodi da kasuwar Alaba, ya ce wannan birni ne mai tsara kansa da kansa, har ma wasu biranen duniya tafarkinsa za su bi. Matthew Gandy, masanin labarin ƙasa, ya mayar masa da martani a 2005 da 2006 cewa abin da yake yabo wahala ce, wadda mulkin mallaka, mulkin soja, bashi da tsuke bakin aljihu suka haifar. Ina tare da Gandy a nan. Wanda ya taɓa tura kurar ruwa mai jarka 10 ko 12 a lungunan Mushin ya san cewa rashin famfo ne ya fito da shi.

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999 akalar bincike ta juya zuwa haraji da hukumomi. Kuɗin shigar da jihar ke tarawa da kanta, wanda ake cewa bai wuce naira miliyan 600 a wata ba a 1999, ya haura naira biliyan 800 a shekarar 2023. An kafa hukumar sufuri ta LAMATA a 2002 da tallafin Bankin Duniya, manyan motocin bas na BRT suka fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS a Maris ɗin 2008, jirgin ƙasa na layin shuɗi ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a Satumban 2023, na layin ja mai ratsa Agege ya biyo baya a 2024. Masana da dama sun ɗauki Legas abin misali na yadda gasar siyasa da buƙatar haraji ke tilasta wa gwamnati yin aiki. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya san Oshodi kafin 2009 zai shaida. Sai dai a cikin shekarun nan ne aka yi rusau a Makoko a 2012, Badia ta Gabas a 2013, da Otodo-Gbame a 2016 da 2017. Hatta yawan mutanen da ake yi wa tsarin ba a daidaita a kansa ba: ƙidayar 2006 ta ba jihar kimanin miliyan 9, gwamnatin jihar ta ce sun haura miliyan 17.

To ina matsayin Hausawa a cikin wannan tarihi? Zamanmu a nan ya daɗe. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da aka sani da sunan Hausawa, wadda sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataucin goro ya zaunar da iyayenmu a Agege, shanu da kayan gwari suka riƙa gangarowa. Abner Cohen ya yi wa unguwar Sabo ta Ibadan cikakken nazari, ya wallafa shi a 1969, ya bayyana yadda maigida, dillali da amana suke riƙe da cinikin goro da shanu. Amma a rubuce-rubucen da suka shafi Legas, na lura sunanmu ya fi fitowa a babin rikici: Ketu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016. Alhali kuwa ruwan da hukuma ke samarwa bai kai rabin buƙatar birnin ba, 'yan garuwa na cikin masu cike giɓin, kuma tumatir, tattasai da albasar da miliyoyin mutane ke ci ta hannun 'yan kasuwar Mile 12 suke bi kowace asuba.

Batun acaba ya fi nuna illar wannan giɓi na bincike. Dokar hanya ta 2012 ta hana babura bin tituna 475, aka tsananta haramcin a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana su gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere da Apapa. Hujjar haɗurra da fashi tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma matasan da aka ƙwace wa babura, da yawansu 'yan Arewa ne da rashin tsaro ya koro daga garuruwansu, suna buƙatar irin bin sawun da Marris ya yi wa mutanen Surulere, a san sana'ar da suka koma da halin da iyalan da suke aika wa kuɗi suka shiga. Haka ma shirin mayar da kasuwar Mile 12 zuwa Imota ta wajen Ikorodu, wanda aka yi ta magana a kansa tun 2016. Kafin a ɗaga kwando ko ɗaya, ya kamata ɗalibanmu da ke Jami'ar Legas da Jami'ar Jihar Legas (LASU), su da suke jin harshen 'yan kasuwar, su zauna da sarakunan Hausawa da shugabannin sassan kasuwa, su rubuta adadin masu dako, dillalai da direbobin da abincinsu ke rataye da wurin, da kuɗin motar da ƙarin nisan zai ɗora wa mai sari daga Mushin ko Ajegunle.