Fargabar baƙunci a ƙasar da ba ka sani ba: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa mutum mai natsuwa yakan rikice da zarar ya sauka a baƙuwar ƙasa?

Baƙo ko da ido makaho ne. A inda ka saba, ba ka tsayawa tunanin yadda za ka gaisa, ko inda ake jiran mota, ko wane kallo ne na raha wane ne na fushi. A baƙon wuri waɗannan alamu duk sun ɓace, sai ƙwaƙwalwa ta koma tana auna kowane ɗan motsi, kuma wannan aiki yana gajiyar da mutum fiye da tafiyar kanta. Masanin al'adu Kalervo Oberg, a wata lacca da ya gabatar a birnin Rio de Janeiro a 1954, ya danganta wannan fargaba da rasa alamun mu'amala da mutum ya tashi da su. A Bulgariya, gyaɗa kai sama da ƙasa yana iya nufin a'a. A Japan, ba a saba bai wa ma'aikacin gidan abinci tukuici ba. Wanda bai san haka ba zai ɗauka shi ne ya yi laifi.

Yaushe take lafawa?

A 1955 masanin zamantakewa Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan ƙasar Norway da suka je Amurka karatu, ya ga da yawansu suna farawa da ɗoki, daga baya zuciya ta karye, sannan su saba. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba kowa ke bin wannan tsari ba. Wasu farkon zuwan ne ya fi yi musu zafi. Don haka kada ka auna kanka da abokin tafiyarka.

Idan zuciyata ta fara bugawa a tsakiyar tasha, numfashi yana yankewa, me zan yi?

Jiki ne ya saki sinadarin adirenalin don ya zaci akwai haɗari. Irin wannan firgita yawanci takan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ta fara sauka da kanta. Samu wuri ka zauna. Ja numfashi ta hanci, ka fitar da shi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin hakan ne ke rage gudun zuciya. Amma in ciwon ƙirji ne da ba ka taɓa ji ba, kada ka yanke hukunci da kanka, nemi likita. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka 911.

Barci yana da hannu a ciki?

Ƙwarai. Bambancin awa tsakanin ƙasashe yana rikita agogon jiki, kuma tafiya gabas ta fi yamma wuya. Fita ka sha hasken rana, ka rage kofi da yamma.

To ba gara in zauna a ɗakin otal har in huce ba?

A nan mutane da yawa ke cutar kansu. Ɓuya tana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma tana koya wa zuciya cewa waje abin tsoro ne, gobe fita ta ƙara wuya. A ganina, abin da ya fi shi ne ka ƙanƙanta duniyar. Ranar farko ka san titi ɗaya. Kashegari ka koma kantin da ka shiga jiya, har mai kantin ya gane fuskarka. Riƙe kalmomi kaɗan na harshensu: gaisuwa, godiya, neman afuwa. Ajiye adireshin masaukinka a takarda da rubutun ƙasar, saboda waya takan mutu a lokacin da aka fi bukatarta. Kiran gida yana da amfani, sai dai wanda ya wuni a waya da 'yan uwa, jikinsa ne kawai ya yi tafiya.

Ina shan maganin damuwa, zan iya tafiya da shi?

Bincika dokar ƙasar tun kafin ka sayi tikiti. Japan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsauri kan wasu magunguna, wasu sai da izini tun kafin isowa. Bar maganin a kwalinsa na asali, haɗe da takardar likita, ka sa shi a jakar hannu. Kada ka daina sha kwatsam don kana hanya. Idan kuma fargabar ta ɗauki makonni tana hana ka ci da barci, ga likita a can inda kake, ba sai ka koma gida ba.