Sunayen Bogi a Tallafin Yara na Gwamnatin Gana

Sunayen bogi su ne sunayen yara ko gidaje da ke cikin rajistar tallafin gwamnati alhali masu sunan babu su, ko sun rasu, ko sun ƙaura, amma wani na karɓar kuɗinsu. A Gana, batun ya fi tasowa a shirye-shirye biyu: ciyar da yaran makarantun firamare na gwamnati, wanda aka fara a 2005, da LEAP, na 2008, mai ba gidajen da talauci ya yi wa katutu kuɗi duk wata biyu, har da masu riƙon marayu. Ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da yara ce ke riƙe da duka biyun.

A shirin ciyarwa, ana biyan mai dafa abinci ne bisa yawan yara da yawan ranakun da ta yi girki. Ke nan kowane suna kuɗi ne, kowace rana ma haka. Maganin cusa sunayen bogi da ya fi ci shi ne zuwan bazata. Mai sa ido ya shiga makaranta, a ce a Aboabo ko Asawase a Kumasi, daidai lokacin rabo, ya ƙirga yaran da ke layi da kwanukansu, ya leƙa tukunya, sannan ya gwada da rajistar kiran suna ta ranar, ba ta ɗaukar ɗalibai ba. Ta farkon ta fi wuyar murɗawa, don kullum ake cika ta. Sai dai wani laifin na mai biya ne. Masu girkin sun sha kokawa kan bashin watanni da suke bin gwamnati, kuma matar da ta ciyo bashin shinkafa a kasuwa tana iya rage ludayi.

A LEAP kuwa, da can hannu da hannu ake biya ta gidan waya. Daga baya aka koma katin e-zwich, wanda sai an dangwala yatsa kuɗi ke fita. Wannan ya rage karɓa da sunan mamaci, amma bai hana ɗan rakiya yankar nasa daga hannun tsohuwar da ba ta san adadin haƙƙinta ba.

Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa yana miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki kowace shekara. Wanda ya ga cuta yana iya kai ƙara CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Gana, kuma dokar 2006 ta kare masu tona asiri ta hana a musguna masa.